"An riga ni": tsoron da ke hana sabon marubuci kammala labarinsa

Akwai wata magana da ke kashe littattafai tun ba su zo duniya ba a tsakanin matasanmu masu sha'awar rubutu, a Garwa da Marwa da Ngaundere, har da tsallaken gada a Njamena: "an riga ni." Yarinya za ta yi watanni tana saƙa labari a waya, ta yi nisa, sai ƙawarta ta turo mata littafin wata marubuciyar Kano ko Kaduna ta WhatsApp. Tana karanta babi biyu sai ta ci karo da marainiya a hannun kishiyar uwa, ga kuma saurayin da iyayensa suka ce ba za su haɗa jini da ita ba, kamar dai nata. Daga ranar ta ajiye. In ka tambaye ta ina aka kwana, sai ta ce, "Wallahi Malam an riga ni, kar a zo a ce satar fasaha na yi." Wani kuma ko farawa bai yi ba. Yana nan yana jiran ranar da wani tunani zai faɗo masa wanda kunne bai taɓa ji ba, kuma ko ya samu ɗan abin da yake ganin sabo ne, ba ya faɗa wa kowa, don kar a sace.

Ba na raina wannan tsoro, domin daga kunya ya fito, kuma kunya abin yabo ce ga mai alƙalami. Sai dai an ɗora shi a inda bai dace ba. Abin da suke gudun maimaitawa ba mallakar kowa ba ne, ba a kuma taɓa rubuta littafi ba tare da an maimaita shi ba. Akwai wani maimaicin na daban da suke yi kullum, hankalinsu kwance, wanda shi ne yake sa littattafansu su zama ba su da fuska.

Tsoron ma ya girmi takarda. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci waƙoƙin Larabawan jahiliyya ya san Antara ya buɗe shahararriyar ƙasidarsa da tambayar ko mawaƙan da suka gabata sun bar wani wuri da ba su taɓa ba. A ƙarni na 6 ke nan, babu ɗab'i, babu intanet, amma mutum yana ganin an gama faɗin komai. Bayan ya yi tambayar kuma sai ya ci gaba da waƙarsa, kan kufai da masoyiya da yaƙi, abubuwan da kowane mawaƙin zamaninsa ya waƙe. Daga baya masana adabin Larabci suka mayar da batun fanni guda, suna bambance satar da ke zubar da mutunci da aron da ke ƙara wa waƙa daraja, da kuma dacewar tunani, inda mutum biyu za su faɗi abu ɗaya ba tare da ɗaya ya ji na ɗaya ba. Jahiz, malamin Basra na ƙarni na 9, shi ya yanke zancen a taƙaice: ma'anoni a zube suke a kan hanya, Balarabe da Ba'ajame, mutumin daji da na gari, kowa ya san su, inda ake gane gwani shi ne zaɓen kalma da tsayuwar awo da kyawun ƙira. Namu malaman ma a kan haka suka ginu. Tahmisi fa mene ne? Ka ɗauki baitin wani ka ƙara masa layuka uku naka, kowa ya san wane ne na wane. Ishiriniyar da ake rerawa a maulidi daga Sakkwato har Abeshe haɗin hannu biyu ce, na Alfazazi da na Ibn Mahib wanda ya yi mata tahmisi. Waƙar Tabbat Haƙiƙa hannu uku ta bi: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi. Ba wanda ya kira ɗayansu ɓarawo.

Turawa kuma ƙidaya suka yi. A 1895 wani Bafaranshe, Georges Polti, ya ce duk wasannin kwaikwayon duniya ba su wuce yanayi 36 ba. A 1928 Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyin Rasha ya ga matakai 31 ne suke ta juyawa, kuma a jere ɗaya. Ba sai an yarda da adadin ba, ni kaina ina ganin irin wannan lissafi ya fi amfanar mai nazari a kan mai rubutu. Amma ya tabbatar da abin da kowace kaka ta sani: 'yar bora da aka aika rafi ta yi wa tsohuwa ladabi ta dawo da arziki, 'yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da masifa, tana nan a Hausa, tana nan a Fulatanci, tana nan a Jamus. Yara kuma ba su taɓa tashi daga tabarma don sun san ƙarshenta ba. Sukan ma gyara wa mai ba da labarin in ta tsallake wani wuri.

Wanda ya fi kowa isa ya kwantar wa sabon marubucin Hausa da hankali shi ne Abubakar Imam. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka buga littattafai biyar daga cikinta, kuma daga nan ake fara lissafin ƙagaggen labarin Hausa na boko. Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga da Ruwan Bagaja, bai kuma ɓoye cewa ya ɗebo daga littattafan Larabci da ya karanta ba, musamman Muƙamar Hariri. Da aka zo Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, aron ma a fili aka yi shi: an tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna ya karanta, ya sake ƙera su. Ko akun nan da ya riƙe littafin ba a Hausa aka haife shi ba. Akwai tsohon littafin Indiya na labarai 70 inda aku yake ba wata mata labari kowane dare don ya hana ta fita wurin wani namiji alhali mijinta ya yi tafiya. Imam ya ɗauki dabarar, aku mai tsare mutum a gida da zance, amma dubi abin da ya yi da ita. Matar ta koma ɗan sarki, kwartanci ya koma ɗokin fita yaƙi, haɗarin ya koma makircin waziri mai son sarauta. Da ya sauya abin da ake tsoro, sai komai ya sauya: wanda ke gadin ƙofa, abin da aku zai ce, irin labarin da zai iya tsayar da saurayi mai zafin jini. Fada ce ta Hausa, da bayinta da fadancinta da habaicinta, har yau mutane da yawa da suka karanta shi a makaranta za su rantse maka a Katsina ko Zazzau aka yi abin. Littafin da muke auna ƙwarewar Hausa da shi, ƙashin bayansa aro ne. Da Imam ya ce "an riga ni", da babu shi.

In ana ganin wannan tsohon zamani ne, ga misali a ƙofar gida. Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa a 1975, a kan me ta yi suna? Auren dole, kishi, dukan mata, da haƙurin da ake ɗora wa mace tun ranar da aka kai ta ɗaki. Marubutan adabin kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu, tun shekarun 1980 suke kan wannan batu, Mariama Bâ ta Senegal kuma ta rubuta nata kan kishiya tun 1979, ɗaliban lise, wato sakandare, da yawa sun karanta shi a aji. Idan jigo ne ma'auni, an riga Amal sau ɗari. Amma littafinta na 2017, Munyal, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, ta sake gyara shi ya fito a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a wannan shekarar. Abin da ta kawo wanda babu a waɗancan littattafai shi ne Marwa kanta: gidan attajirin Bafulatani da sassansa, nasihar da uba da baffanni ke jera wa amarya, muryoyin mata uku kowacce tana ba da nata da bakinta, har da uwargidan da mai karatu ya zata muguwa ce sai da ya shiga cikin ranta. Ana iya sukar littafin, ana kuma yi, wasu a nan gida suna ganin ta shanya tufafin cikin ɗaki a gaban baƙi. Amma ban ji wanda ya ce kwafi ta yi ba.

To ina iyakar take? Domin satar fasaha gaskiya ce, kuma tana yawa.

Doka ta raba abin gida biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 tana kare yadda aka bayyana tunani, ba ta kare tunanin kansa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da kusan duk duniya ke bi, har da Chadi mai tata dokar ta 2003. Ƙasashen biyu suna cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, mai hedikwata a Yawunde. Ma'ana, "marainiya ta sha wuya ta auri mai kuɗi" ba na kowa ba ne, ko mutum dubu sun rubuta. Amma jimlolin da wance ta rubuta nata da su, nata ne. Shari'u biyu sun nuna bambancin. A 2006 wasu marubuta biyu suka kai ƙarar kamfanin da ya buga littafin Dan Brown a kotun Landan, suna cewa ya gina labarinsa a kan ra'ayin da suka kawo a nasu littafin. Alƙali ya kori ƙarar, don ra'ayi ba a killace shi. Shekara goma kafin nan, a 1996, kotun Paris ta samu marubuciya Calixthe Beyala, 'yar ƙasarmu haifaffiyar Duwala, da laifin kwafar sassa daga littafin wani marubuci Ba'amurke. Wancan tunani ya ɗauka, ya tsira. Ita kalmomi aka kama a hannunta.

Tsakanin tunani da kalma akwai wani fili mai santsi, wato zubin labari. In ka ɗauki littafin wani ka bi shi fage bayan fage, haɗuwa a asibiti a babi na ɗaya, ɓatan wasiƙa a na uku, mutuwar kaka a na bakwai, kowane tauraro da takwaransa, sai dai ka mayar da Zainab ta koma Hajara, Kano ta koma Garwa, to ko ba ka kwafi jimla ɗaya ba, ka yi sata, kuma masu karatu za su gane tun kafin lauya ya gane. Irin wannan ce ta yi yawa a dandalin littattafan waya, tare da 'yar'uwarta mafi muni, wato a cire sunan marubuciya a liƙa wani, ko a karanta littafinta a YouTube ana karɓar kuɗin talla ba da izininta ba. Amma a lura: mai yin wannan ya san abin da yake yi, littafin yana buɗe a gabansa. Ba shi ne yake kwana da fargabar "an riga ni" ba. Wadda take fargabar ita ce wadda ta ƙago nata da kanta sannan ta ga mai kama da shi, kuma Hausawa sun riga sun ba ta amsa, kama da wane ba wane ba ne. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ta rubuta jerin abubuwan da suka faru a nata, fage-fage, ta jera na wancan a gefe. In farkon ne kawai ya yi kama, daga nan kowa ya kama gabansa, ba ta da abin damuwa. In ta ga tun da ta karanta wancan nata ya fara bin sawunsa, sai ta koma inda suka rabu ta sake ɗaukar hanya.

Magungunan da matasa ke sha don wannan tsoro sun fi cutar illa. Na farko shi ne daina karatu, wai don kar littafin wani ya shiga kansu. Sakamakon akasin haka ne. Wanda ya karanta littattafai biyar, biyar ɗin nan ne za su yi ta fitowa daga alƙalaminsa, bai kuma sani ba. Wanda ya karanta ɗari uku ya san wace hanya ce ta gaji da tafiya, ya kuma san inda ba a bi ba. Na biyu shi ne cusa abin mamaki da ƙarfi. Tunda soyayya an yi ta, bari a sa saurayin ya zama aljani, a yi musayar jarirai a asibiti, a yi haɗarin mota a manta komai, a gano a babi na ƙarshe cewa mai gadin gidan shi ne mai kamfanin. Kowanne daga cikin waɗannan an yi shi fiye da soyayyar da ake gudu, yawancinsu ma daga finafinan Indiya da na Koriya da na Turkiyya suka gangaro. Na uku shi ne ɓoyo. Mai ɓoye labarinsa ya hana kansa mai gyara, alhali ko ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗi tunanin da ƙarfi, mutum goma suka ɗauka, littattafai goma daban-daban za su fito. Kamar atamfa ce, turmi ɗaya za a yanka wa mata goma, amma a gidan biki kowa ya san wadda telanta ya iya.

Yanzu ga maimaicin da ba wanda ke jin kunyarsa. Ɗauki littafin wata yarinya da aka haifa a unguwar Hausare ta Garwa, ta yi firamare da lise da Faransanci, take cinikin kasuwa da Fulatanci, take hawa kilando, wato acaɓa, zuwa makaranta. Buɗe shafin farko. Unguwar Nasarawa GRA ce a Kano, ko Maitama a Abuja. Jarumin ya dawo daga karatu a Ingila, yana da kamfani, ana lissafi da miliyoyin naira, jarumar tana jiran sakamakon JAMB, jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, za ta yi bautar ƙasa. Marubuciyar ba ta taɓa taka ɗaya daga cikin wuraren nan ba. Daga littattafan wasu ta san su, su ma wasunsu daga littattafan wasu. Saboda haka falon ɗaya ne, motar ɗaya ce, surukar ɗaya ce, har yadda jaruma ke turo baki da yadda jarumi ke lumshe ido duk gadon gidan wani ne. Ta sha wahala ta ƙago zubin da take ganin nata ne, sannan ta zuba shi a duniyar aro, da jimlolin aro. Nan ne littafin ya zama kamar kowanne, kuma nan ne ba ta taɓa zargi ba.

Kada a ɗauka ina nufin a yi wa labari ado da sunayen unguwanni, a ambaci kogin Binuwai da kilishin Ngaundere a wuce. Wannan fenti ne. Abin da nake nufi shi ne wuri yana sauya yadda labari ke tafiya, kamar yadda fadar Hausa ta sauya akun Imam.

Ɗauki labarin kishiya, wanda aka ce an gama shi. A Kamaru, bisa dokar rajistar jama'a, in za a yi auren meri, wato na gaban magajin gari, ana rubuta a takardar aure tsarin da aka zaɓa: mace ɗaya ko fiye. To ga malamin makaranta, saurayi, yana cikin zafin so, amarya 'yar boko ta ce sai dai a rubuta mace ɗaya, ya sa hannu yana dariya. Bayan shekara goma sha biyar mahaifiyarsa ta matsa, ko zuciyarsa ta matsa, aka ɗaura masa na biyu a masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki. A wurin Allah da jama'ar unguwa matarsa ce. A takarda babu ita. Ranar da ya faɗi ya mutu, dangi za su iya zama a zaure su raba abin da ke gida bisa Musulunci, amma ofishin fansho takarda yake tambaya, kuma takardar tana cikin akwatin uwargida. Yanzu duk ƙarfin ya koma hannun matar da aka yi wa kishiya, kuma tambayar labarin ta tashi daga "wa miji ya fi so" ta koma "me za ta yi da wannan iko, ga marayu a ɗaya ɗakin, ga limamin unguwa yana aiko mata da saƙo, ga 'ya'yanta suna cewa Mama kar ki yarda." Marubuciyar Kano ba za ta rubuta wannan ba, domin ba haka aure ke tafiya a wurinsu ba. Jigon tsoho ne tukuf, amma duk wani mataki da taurarin za su ɗauka sabo ne, kuma ba a ƙago shi da ƙarfi ba, dokar ƙasa ce ta haife shi.

Haka yaron da ya fi kowa ƙoƙari a aji, ya kai ajin ƙarshe na firamare, sai aka ce ba zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare ba don ba shi da takardar haihuwa, abin da ya zama ruwan dare a jihar Arewa Mai Nisa. Sai uba ya nemi hukuncin kotu da zai maye gurbinta, da kuɗi da shaidu da zirga-zirga, ko kuma a ba yaron takardar ɗan'uwansa da ya rasu, ya girma da sunan mamaci da shekarun mamaci. Labarin mutumin da ke rayuwa da sunan wani an yi shi ba adadi, amma ba ta wannan ƙofa ba. Ko Darak, a tafkin Chadi. Tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye, masunta da manoma daga Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, suka bi ruwa suka kafa garuruwa, har kotun duniya ta yanke a Oktoban 2002 cewa ƙasar ta Kamaru ce, aka miƙa ta a ƙarshen 2003. Mutum yana gidansa bai motsa ba, tuta ta sauya, kuɗi ya sauya, harshen makarantar ɗansa ya sauya. Sa soyayyar talaka da 'yar mai kuɗi a wannan gari a wannan shekara ka gani ko za ta yi kama da ta kowa. Ga zuriyar alhazan ƙafa da suka nufi Makka ta Fort-Lamy, sunan Njamena kafin 1973, guzuri ya ƙare suka zauna, jikokinsu suna jin Larabcin Chadi fiye da Hausa amma har yanzu ana ce musu 'yan Kano. Ga dillalan shanu da jirgin ƙasan dare tsakanin Ngaundere da Yawunde, ga manoman auduga da bashin taki, ga matan da ke tsallaka gadar Ngeli kullum tsakanin Kuseri da Njamena da kaya a ka, ga shekarun 'yan fashin hanya da masu garkuwa da makiyaya. Kusan duk wannan ba a rubuta shi da Hausa ba. Mai cewa an riga shi yana zaune a kan filin da ba a taɓa sa wa garma ba, idonsa yana kan gonar maƙwabci.

Sai dai adalci ne a faɗi dalilin da ya sa suke gudu zuwa Kano, don ba wauta ba ce. Na farko harshe. Yaronmu bai koyi rubutun Hausa a aji ba, da ƙa'idar Faransanci yake rubuta ta, ya sa "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", ga kalmomin Fulatanci da Faransanci da Larabci sun cakuɗa a bakinsa. In ya saka rubutunsa a dandali, abin da zai fara ji shi ne "wannan wace irin Hausa ce?" Sai ya fake a bayan jimlolin marubutan da ya karanta, don su ba a yi musu dariya. A nan ina ganin abu biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Ƙa'idar rubutu dole a koye ta, ƙ da ɗ da ɓ, raba kalma da haɗe ta, kuma aikin makonni ne ga mai niyya. Amma yadda mutanen Garwa ke magana ba kuskure ba ne da za a goge. Muryar mai ba da labari tana iya bin daidaitacciyar Hausa, tattaunawar taurari kuma ta fito yadda ake yin ta a tashar mota da gidan suna, jandarma ya yi maganarsa, Bafulatanar mai nono ta yi tata, gwargwadon yadda mai karatu na nesa zai bi ba tare da ya ɓace ba.

Na biyu kasuwa, kuma wannan ya fi wuya. Yawancin masu karanta littafin Hausa a Najeriya suke, masu biya kuma da naira suke biya, ta asusun bankin Najeriya. Marubuciyar Marwa mai Orange Money ko MTN Mobile Money sai ta nemi wani ɗan'uwa a Mubi ko Yola ya karɓar mata, sannan canji ya ci rabonsa, ga naira ta faɗi ƙwarai a kan sefa tun 2023. Madaba'un Yawunde da Njamena kuwa Faransanci suka fi bugawa. Don haka tana tsoron in ta ce unguwar Domayo ta Marwa maimakon Nasarawa, 'yan kaɗan ɗin da ke biya za su watse. Wataƙila wasu su watse. Amma masu karatun nan su ne suke kwana kallon finafinan Indiya da aka fassara da labaran Istanbul, ba su taɓa cewa wurin ya yi musu nisa ba, kuma a cikin ɗaruruwan littattafan da ake sakawa duk wata masu falo ɗaya da mota ɗaya, na Abujar aro ba shi da abin da zai sa a tuna da shi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don gajerun labaran mata, ba ta tambayar asusun banki kafin a shiga, kuma alƙalan kowace gasa, bayan sun karanta labarin kishiya na hamsin a mako guda, wanda ya zo da takardar meri a cikin akwati shi ne zai sa su gyara zama.